Ja Aka Faɗa Mini, Na Danna Kore

Assalamu alaikum warahmatullah. Barkanku da ƙoƙari masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, ina fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk sunan da za ku gani a nan ba na gaskiya ba ne. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Masu zagi ma ban hana ku ba, sai dai ku sani babu wanda za ku yi da ban riga na yi wa kaina ba.

Ni mace ce, shekaruna ashirin da takwas, da aurena da 'ya'ya biyu, a Talata Mafara nake zaune. Bara wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa ta ɗauke mu aiki, muna bin ƙauyuka muna auna yara. Bibbiyu ake haɗa mu. Ɗaya tana riƙe da wani siririn abin awo mai kala uku da ake naɗawa a damtsen yaro: kore lafiya lau, ɗorawa a sa ido, ja kuwa yaro yana cikin haɗari. Ita za ta auna ta faɗi lamba da ƙarfi, ɗayar ta shigar a tabilet, babbar wayar nan mai faɗin littafi. Ni ce mai shigarwa. An zaɓe ni ne wai don ina da saurin hannu, ni ma kaina ya yi girma da hakan, don a wayata ina iya rubutu da hannu ɗaya ina juya miya da ɗayan. Abokiyar aikina zan kira ta Anti Asabe. A shekaru ta haife ni, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ta daɗe tana aikin lafiya, tana sa tabarau mai kauri. Duk safiya sai ta zo da dambu a leda biyu, ɗaya tata ɗaya tawa, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “ɗiyata”.

Wanda bai taɓa rubutu a tabilet a tsakar rana ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba, kuma ba uzuri nake nema ba. Babu madanni ko ɗaya da za ka ji a yatsanka. A kan gilashin haruffan suke fitowa, kana taɓa gurbin rubutu su taso su rufe rabin fuskar. Hannu ɗaya na riƙe da ita, ga nauyi, yatsa ɗaya yana ta caka kamar kaza ta sami tsaba. Rana ta haske gilashin ba ka ganin komai sai fuskarka, sai dai in lulluɓe kaina da ita a cikin hijabi, gumi yana ɗiga a kai, in taɓa harafi ɗaya uku su fito, in goge in sake. Tawa kuma tun muna Bakura ta faɗo daga kan babur ta tsage ta gefe, haruffan wannan gefen sai na danna sau uku sau huɗu kafin su amsa. Na gaya wa oganmu, ya ce in yi haƙuri, sababbi suna hanya.

Ga kuma yadda aka tsara fom ɗin. In lambar yaro ta faɗa kore, suna da lamba kawai, ka wuce na gaba. In ta faɗa ja, sai waɗansu shafuka su buɗe: sunan uwa, sunan uba, unguwa, kwatancen gida, ko ƙafa ta kumbura, ko yana zawo, tun yaushe, me yake ci, duk sai ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kuma ba za ta bar ka ka matsa ba sai ka cike kowane gurbi. Yaro ɗaya mai ja yana cinye mini lokacin yara goma masu kore. Daga waɗannan sunaye na ja ake haɗa jerin waɗanda mota za ta kai wa abincin tamowa, kwaɓaɓɓiyar gyaɗar nan ta cikin ƙananan ledoji. Yaron da ba ya cikin jeri, ba a ɗauko kaya da shi.

Mun yi sati uku a Bakura lafiya ƙalau. Daga nan aka tura mu ƙasar Maradun, wani ƙauye a bayan Faru, da tsakiyar damina. Gero ya yi tsawo, in kana kan hanya ba ka ganin abin da ke gabanka, kuma kowa ya san halin da ake ciki da mutanen daji a wajen. Masu kabu-kabun da suka kai mu tun da safe suka ce ana kiran la'asar za su juya, ko da mu ko ba mu. Mata sun cika ƙofar gidan mai gari, yara masu ja kuwa sun yi yawa ranar, yatsana har ya yi tsami. Ana fara kiran salla babban cikin masu baburan ya zo ya tsaya a kaina.

“Malama, ku hwa taso. Wallahi ba mu kaiwa marece cikin dajin ga. Jiya ma nan gaba kaɗan anka tare mutane.”

Saura mace ɗaya. Da ƙafa ta zo daga wani ƙauyen, shi ya sa ta makara. Ta sauko da goyonta, yarinya ce da ba ta wuce shekara biyu ba, gashinta ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ta yi. Anti ta naɗa abin awo, ta gyara tabarau, ta kwance ta sake naɗawa.

“Goma da ɗigo huɗu. Wagga ja ta, ɗiyata. Ki shigar da ita da kyau.”

Na ji ta. Wallahi na ji ta sarai, ba zan yi ƙarya a nan ba. Na taɓa gurbin, haruffa da lambobi suka taso, na ji an tayar da babur, na tuna shafukan nan da za su buɗe, na tuna gefen da ya tsage, na tuna nawa yaran biyu a Mafara. Sai na danna sha uku. Kore ta fito, na rufe. A raina na ce in mun isa gida na zauna a inuwa zan buɗe in gyara, ai na riƙe sunan yarinyar da na ƙauyensu. Uwar tana ɗaura goyonta ta ce, “Malama, an rubuta ta?” Na ce an rubuta. Ta ce, “Allah shi saka miki da alheri, Allah shi kai ku gida lahiya.” Na amsa da amin, na hau babur.

Abin da na manta, ko kuwa na ƙi tunawa, shi ne tabilet ɗin tana shiga inda akwai sabis take tura komai da kanta, kuma abin da ya tafi ya kulle, oga kaɗai ke iya buɗewa. Muna hawa kwalta ta tura. Da na zauna zan gyara na tarar a kulle. To me ya rage? In kira oga in ce na shigar ba daidai ba. Kira ɗaya tak. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar, don satin da ya wuce ya wanke wata abokiyar aikinmu tas a gaban kowa, ya ce duk wadda aka sake kamawa da lambar ƙarya ta kama hanyar gida. Sai na ce gobe. Gobe ta yi aka tura mu wani wurin, na ce ai in mota ta je za su ga yarinyar da idonsu, wane marar imani ne zai ga wannan yarinya ya hana ta? Da wannan na lallashi kaina har na daina tunawa. Ku ji fa, na daina tunawa! Ina cin abincina, ina zuwa biki, ina dariya da mutane.

Bayan kwana goma mota ta je da kaya daidai yawan sunayen. Uwar ta zo, aka duba, 'yarta ba ta ciki. Aka ce ta kai ta asibiti a Maradun a sake aunawa. A satin nan hanyar ta rufe, ba shiga ba fita, yarinyar ta rasu kafin a buɗe. Ban sani ba ko da an ba ta abincin za ta tashi, wannan sanin na Allah ne, kuma na san rai nasa ne. Amma na san wanda ya cire sunanta daga jerin.

Mai garin ya kai ƙara, aka kira mu ofis a Mafara, ni da Anti. Oga ya juyo mana da kwamfutarsa, ga sunan yarinyar, ga sha uku. Ya ce ɗayan biyu ne, ko mai awo ta karanta ba daidai ba, ko mai shigarwa ta danna ba daidai ba, kuma yau sai an san wace ce. Anti ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba.

“Ɗiyata, mi nic ce miki ranan nan? Yara sun yi yawa, kaina ya ɗauki zahi, amma ni dai ina ganin kamar ja nig gani.”

Wannan shakkar da na ji a muryarta ita na kama. Na ce, “Anti, abin da kinka hwaɗi shi nid danna. Sha ukku kinka ce.”

Ta cire tabarau ta goge da bakin hijabinta, ta daɗe tana kallonsa a hannunta, sannan ta ce, “To. Dama idanun ga sun daɗe suna ba ni wahala.” Ko musu ba ta yi ba, don bai taɓa zo mata a rai cewa zan yi mata ƙarya ba. A ranar aka sallame ta. Ni kuwa a satin aka ba ni sabuwar tabilet marar tsaga.

Wata bakwai ke nan. Rasa aikin da ta yi ya dame ni, yanzu zoɓo take ƙullawa tana sayarwa a ƙofar gida, amma ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ke kashe ni shi ne ta yarda. Ta yarda ita ta kashe yarinyar. Matan unguwarsu da suka saba kawo mata yara ta duba, yanzu korarsu take yi, ta ce su tafi asibiti, ita ba ta gani. Ta je wurin wani malami ta tambaya ko akwai kaffara a kanta, ya ce mata babu, kuskuren aiki ne, ta yi istigfari. Ta ƙi. Ta ɗauki azumin wata biyu a jere, irin na wanda ya yi kisa bisa kuskure, ga ta da gyambon ciki, yau kwananta sha tara. In kun gan ta sai kun tausaya, wuyanta duk ya fito. Kuma wa take zuwa wurinsa ta sami sanyi? Ni. Ta zauna a tabarmata ta yi kuka, ni kuma in dafa ta in ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Har gafarata ta nema, wai ta jawo an kira ni ofis an tsorata ni. Wace irin mutum ce ni? Da wace fuska zan tashi gobe kiyama?

Har yanzu ina aikin. Duk yaron da ya faɗa ja ina cike masa kowane gurbi, ko da masu babura za su tafi su bar ni, har ana yabona a taro ana cewa a yi koyi da ni. In an faɗi haka ji nake kamar in nutse. Mijina bai sani ba, mahaifiyata ba ta sani ba, ku ne na farko da na gaya wa.

Jiya da hantsi ta zo gidana. Na kawo mata ruwa, na manta tana azumi. Ta ce hanya ta yi sauƙi kwanan nan, har ta yi magana da mai kabu-kabu.

“Ranar Alhamis za ni wurin uwar ɗiyan nan. In durƙusa gabanta in hwaɗa mata ni ad da laihi, ko ta yahe ko kada ta yahe. Ki raka ni, ɗiyata. Gabanki anka yi abin ga, kuma ƙahwahuna ba su kai ni ni ɗai.”

Na ce to.

Jama'a, yau Talata. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, wataƙila har a kai ni gaban hukuma, sunana ya ɓaci a Mafara, Anti kuma ba za ta ƙara kallon fuskata ba, kuma tana da gaskiya. In na yi shiru, jibi zan tsaya a bayanta ina kallo, matar da ta haife ni a shekaru, da azumi a bakinta, ta durƙusa a ƙasa tana neman gafarar abin da na yi da yatsana. Na san wanda ya kamata, ba wai ban sani ba. Tsoro nake ji, kuma ban san ta inda zan fara buɗe baki ba. In same ta ita kaɗai kafin Alhamis? In fara zuwa wurin oga? Ko in bari sai mun isa gaban uwar in faɗa musu tare? Don Allah ku taimake ni, kwana biyu ya rage. Me zan yi?