Na Goge Muryar Inna

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Madani? Mu nan Abu Hujar lafiya.

Yaya, na yi ɓarna. Ka tuna waƙoƙin daka da Inna ta rera a wayata kafin ta rasu? Tunda na fara zirga-zirgar Rusairis, kunnena ya koma waƙoƙin Larabcin da direbobi ke sawa. Wayar ta cika, na yi ta gogewa ban duba ba. Jiya 'yata Hajara tana daka ta ce in sa mata kakarta, na ce babu caji.

In kana da su, don Allah ka turo. Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. Hajara har yanzu tana jiran caji.

Ƙaninka,
Musa