Baƙin Cikin Kwamfuta

Litinin, 5 ga Mayu

Uwata ta sayo min littafin nan wai in riƙa rubuta awon hawan jinina. Na ce to. Abin da ke hawar min da jinin zan rubuta, ya fi amfani. Rubutun ma ita ta koya min da tsufana, in ya karkace laifinta ne.

Jikata ce, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan. Mu biyu muka rage a gidan nan. Ubanta yana wani gari da sabon iyalinsa, sai gaisuwar waya, ita ma in an tuna.

Yanzu ita ma tafiya take nema. Digiri ɗaya bai ishe ta ba, sai ta ƙara na biyu, na duba masu damuwa da waɗanda kansu ya taɓu. Na ce allura za ki riƙa yi musu? Ta ce a'a, saurarensu za ta yi. Shekara da shekaru ina magana a gidan nan ba mai saurare, ashe abin sai da digiri.

Alhamis, 8 ga Mayu

Makarantu biyu sun kira ta intabiyu. Bara ma ta nema, ko kira ba su yi ba. Ta ce in bana bai yiwu ba ta haƙura, ta zauna a shagon maganin da take aiki. Shagon maganin yana nan bayan layinmu, ana dawowa gida a ci abincin rana.

Gwiwa ta hana ni sakat yau.

Talata, 13 ga Mayu

An yi na farko. Ba zuwa ake yi ba, ta kwamfuta ake ganin juna. Ɗakina ta shiga don a nan ne kawai sabis yake kamawa, ta ɗora kwamfutar kan teburin da na haɗa da hannuna tun ina kafinta, ta sa littattafai a ƙasa don fuskarta ta daidaita. Ta ce, “Kaka, don Allah ka zauna a waje.” Ni, a gidana.

Na zauna. Sai na ji muryar dattijo a ɗakina, ga ta wata mace kuma. Manyan mutane sun shigo gida, maigida yana tsakar gida kamar tsohuwar kujera? Sai a ce ba mu da tarbiyya. Na sa hula na shiga, na leƙa ta bayanta, na yi musu sannu da zuwa. Na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi aiki. Na ce musu yarinyar nan marainiyar uwa ce, ni na rene ta, su duba ta da idon rahama.

Dattijon ya ɗan gyaɗa kai. Matar ta kalli agogo. Ko “lafiya lau” ɗaya ba wanda ya ce min. Farfesoshi wai.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba ta yi min faɗa ba. Gara ma da ta yi. Ta ajiye min ruwan wanka, ta ajiye magani, ta fita.

Da yamma na ce, “To laifi ne gaisuwa?” Ta ce lokacin da suka ba kowa kaɗan ne, ni na cinye mata kusan rabi, da na fita kuma duk abin da ta shirya ya gudu daga kanta. Sun tambaye ta binciken da take son yi, ta yi ta in'ina. Na ce ai sun ga daga gidan mutunci ta fito. Ta ce, “Sun gani, Kaka. Sun gani sosai.”

Juma'a, 23 ga Mayu

Sun ƙi ta. Saƙo suka turo, wai masu nema sun yi yawa, kujeru kaɗan.

Na ci abincina tas. Kwana biyu ban ci haka ba. Ita ko taɓawa ba ta yi ba, kuma na lura ta ga kwanona.

Talata, 27 ga Mayu

Saura makaranta ɗaya. Ta ce su waɗannan har gwaji suke yi, malami ya zama kamar mai damuwa, su ga yadda za ka bi da shi. Wai in taimaka ta gwada da ni. Na ce ni lafiyata ƙalau. Ta ce, “Uwarka ce ke magana, zauna.” Na zauna.

Ta ce in faɗi duk abin da ke damuna. Na ce mai walda. Shi ne maƙwabcinmu, shagonsa manne da bangon ɗakina. Tun shekarar da tartsatsin wutarsa ya ƙone min rumfar da nake aiki a ciki, da katakona duka, bai ce min yi haƙuri ba. Iska ce, in ji shi. Tun ranar ban gaishe shi ba, bai gaishe ni ba. Ni ne babba, shi ne mai laifi, to wa ya kamata ya fara?

Ina jira ta ce in yafe, kamar yadda kowa ke cewa, in hau ta da faɗa. Ba ta ce ba. Ta yi shiru tana kallona. Can ta ce, “Daga ranar ba ka ƙara riƙe zarto ba ke nan.” Na ce eh. Ta sake yin shiru. Wannan shirun nasu mugun abu ne, sai ka ji bakinka yana tafiya shi kaɗai. Na yi ta zuba har shayina ya huce.

Na ce mata wannan ba aiki ba ne, wayo ne. Ta yi dariya, ta farko tun wancan abin.

Lahadi, 1 ga Yuni

Bayana, gwiwata, har yatsun. Ba abin rubutawa.

Litinin, 2 ga Yuni

Jibi ne, da hantsi. Ta gwada kwamfutar a ɗakina yau daidai lokacin, ita da wata ƙawarta da suke nema tare. Ƙawar ta ce ba ta jin komai sai ƙarar yankan ƙarfe. Mai walda ya samu aikin ƙofofi, tun safe injinsa ke kuka, janareto na taya shi. A ɗakinta ba sabis. A shagon magani mai shagon ya ce ba wurin hira ba ne.

Ta je da kanta ta roƙe shi. Ya ce aikin mutane ne, amma in maigidan yana da magana, ya san inda shagon yake. Ka ji ɗan banza. Ya samu inda zai kama ni.

Ta dawo ba ta ce min in je ba. Ta ce za ta rufe taga ta toshe ta da bargo. Na ce ya yi. Ta goge rigar da za ta sa, ta rataye, ta zauna tana maimaita amsoshinta ƙasa-ƙasa, me ya sa take son aikin, me za ta yi in mutum ya fashe da kuka a gabanta. Injin yana cinye rabin maganar.

In sun ƙi ta ba ni na ƙi ta ba. Wannan karon ko ƙofar ba zan taɓa ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Na gaji, a taƙaice zan rubuta.

Na fita da safe don in miƙe ƙafa. Hanyar ce ta bi ta gaban shagonsa. Na ce ina kwana. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya tsaya yana kallona, sai da na maimaita, don ya ji daɗinta sau biyu. Ya ce, “Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?” Ya tsufa shi ma, gemun duk furfura, ban lura ba sai yau.

Ya kashe injin. Ya jawo min benci, ƙafarsa ɗaya tana rawa, aikin wani sakaran kafinta. Muka zauna muna kallon titi. Maganar rumfa bai ɗauko ba, ban ɗauko ba. Wani mai tallan katifa ya shigo layin da lasifika, mai walda ya tashi da guduma a hannu ya nuna masa hanya.

Ta daɗe a ciki. Can ta fito ƙofar gida. Ta ce malamar da ta zama mai damuwa ta yi ta masifa, ita kuma ta bar ta ta gama. Sai ta tsaya, ta kasa kunne, ta dube ni a kan bencin mutumin. Na ce ƙafata ce ta gaji, kar ta fara min wannan shirun nata.

Talata, 17 ga Yuni

Wai tana jerin jira. Sai wani ya fasa. Ƙawarta ta samu. Kullum waya a hannu, ko ƙara ta yi sai ta zabura. Ni ma ta sa ina zabura.

Alhamis, 26 ga Yuni

Wani ya fasa.

Ta karanta min saƙon a tsaye, ta zauna, sai ta ce ba ta san ko za ta karɓa ba. Wa zai ba ni magani, wa zai ɗora ruwa. Na ce kafin a haifi ubanki wa yake ɗora min? Na ce na gaji da mulkinta, gishiri ma sai an auna min, ta tafi ta je ta mulki masu damuwa. Ta ce, “Kaka, kalle ni.” Na ce idona yana ciwo. Sai da na tsaya a kanta ta tura musu amsa, don na san halinta.

Hannun akwatinta a karye yake, na kai wa mutumin can ya ɗana masa wuta. Ba wani abu ba, shi ne kusa. Ya ce ba zai karɓi komai ba, sai dai in duba masa ƙafar bencin nan. Na ce sai na ga dama.

Ban san inda ta ɓoye min gudumata ba. Gara in tambaye ta tun tana nan.