Zan Zo da Azumi, Amma Zan Koma

Alexandria, Janairu 2014

Yaya Nasir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da ita sosai.

Mu nan lafiya lau, kada ƙanƙarar da kuke gani a talabijin ta tayar muku da hankali. Farkon sanyin dai na ɗan ji jiki, don tun rasuwar maigidana Malam nake kashe na'urar ɗumama ɗaki da rana, in zauna cikin rigarsa ta sanyi. Ranar da 'yarka Kausar ta zo daga jami'a, ta kama hannuna ta ce, "Umma, haka kike zama?" Washegari ta kai ni ofishin da ke taimaka wa tsofaffi da kuɗin ɗumama gida. Yanzu har gumi nake yi.

Maganar dawowata kuwa, na je ofishin fansho na tambaya. Sun ce tunda ban zama 'yar ƙasar nan ba, idan na daɗe a gida za su iya tsayar da fanshon Malam, kuma da shi Kausar take karatu. Da na fito, na daɗe zaune a tasha, jirgin ƙasa yana zuwa yana wucewa.

Zan zo da azumi in Allah ya yarda, amma zan koma bayan sallah. Don Allah kada ka gaya wa Inna tukuna. Bar ta ta ci gaba da gyara min ɗakina. Ni zan faɗa mata da bakina, ina zaune kusa da ita.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Hannatu