Tambar Yayata Ta Kwanta, Shuka Kuma Ta Ƙarato

Zuwa ga Shugaban Sashen Aikin Gona na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ɗan garinku ne, ina zaune a Sabo ta Ibadan, ina sayar da albasa a Kasuwar Bodija. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina fama da ciwon suga. Likita ya hana ni teba da amala, sai na koma tuwo da kunun tamba. Yayata Hajara ce take noma mini ita a gida tun rasuwar mijinta, ta ɗoro buhu a motar albasa ya iske ni. A Bodija ba kullum ake samunta ba, in an samu ma rabinta tsakuwa ce.

Na farko: bara malamin gonarku ya je ƙauyenmu, ya tara mata a gindin tsamiya, ya ce a daina yafa iri, a shuka layi-layi, a sa takin zamani. Bai faɗi tazara ba, taƙi ɗaya ne ko biyu. Bai faɗi yawan takin ba, balle lokacin sa shi. Ya ce zai dawo. Har aka yi girbi ba a ƙara ganin babur ɗinsa ba.

Na biyu: Yaya Hajara ta ɗauki maganarsa da gaske. Ta ja layuka a matse don kada ƙasa ta tafi a banza, ta juye takin yuriya gaba ɗaya a gindin tsiron. Wani ɓangaren ya ƙone cikin kwana uku. Sauran ya yi tsawo, kore shar, har maƙwabta na zuwa kallo. Iska ɗaya ta kwantar da shi, kawunan suka ruɓe a laka. Gonar da ta saba ba da buhu biyar, buhu ɗaya da 'yan mudu ta bayar.

Na uku: tawa tambar ta ƙare wata biyu da suka wuce. Ƙafafuna sun fara mutuwa, idona na dama yana ganin hazo. In na tashi daga sujada sai na dafa bango. Irin da ya rage a hannun yayata kuwa ƙwarya guda ce, wanda muka gada wurin mahaifiyarmu. In ya lalace bana, shi ke nan.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. A tura malamin gona ya shiga gonar da ƙafarsa, ya auna tazarar a gaban matan nan, ya nuna musu awon takin da murfin kwalba, ya faɗa musu sau nawa za a sa. In ba zai samu zuwa ba, a aiko a ce su koma yadda suka saba.

Yaya Hajara ta rantse ba za ta zuba ƙwaya ɗaya a ƙasa ba sai ta ji daga gare ku. Mu nan Ibadan ruwa ya riga ya sauka, ka kuma san ba ya daɗewa kafin ya iso gida.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka lafiya da zuciyar tausayi.

Wassalam.

Naka,
Ƙanin Hajara, Sabo, Ibadan.