Jakar Mutumin Gadon Sama

Assalamu alaikum Anti mai fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a. Amma bari in fara da abin da na gani ranar Asabar da safe, don daga nan kaina ya ɗaure.

Na sauko daga bene da jakata a baya, ina sanɗa don kada in tashi kowa, sai na tarar da tsohon da ke da masaukin da na sauka tsaye a bakin ƙofa. Ya sa takalminsa na fita, wanda kwana goma sha tara ban taɓa gani a ƙafarsa ba, kullum silifas. Matarsa na gefe da ƙunshin burodi. Mai dafa abinci ma ta fito tana goge hannu. Ni da tsohon ba ma jin yaren juna. Hannu kawai ya miƙo ya karɓe jakar. Anti, ashe rakiya za su yi mini.

Ni ɗinkin jaka ne sana'ata. A aji huɗu na tsaya da boko, ki yi haƙuri da rubutun. Shekara shida ina ɗinka wa matafiya jaka a shagon Yayana, jakunkuna na tafiya ni ina zaune, ran nan na ce wallahi sai na bi su. Na ɗinka tawa da hannuna, na yi takardu, na fito ni kaɗai. Yau wata uku ke nan, ƙasa ta uku. Burina in kai bakin teku, in tsoma ƙafa, in juyo. Saura ƙasa ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, ina shan daɗi. Na ga dutsen da gajimare ya tsaya masa a ƙugu. Na ci abin da har yau ban san sunansa ba, kuma na nemi ƙari. A irin masaukin nan namu na masu jakar baya, ɗaki ɗaya gado takwas, wani bisa wani, tun kafin mutum ya buɗe baki na san shi ta jakarsa. Wanda zif ɗinsa ke kuka, sabon fita ne, uwarsa ce ta haɗa masa kaya. Wanda tasa ta yi laushi ta koɗe, ya daɗe a hanya, ba ya tambayar kowa ina banɗaki.

Matsalata, ba na iya ganin ɗinki yana warwarewa in kau da kai. Basilla da zare ba sa barin aljihuna. In nuna wa mutum wurin da yatsa, ya miƙo, in ɗinke. Daga nan sai shayi, sai hotunan gida, sai hira da hannu da ka har ciki ya yi ciwo don dariya. Bayan kwana biyu kuma ya ce zai wuce. Mu kuwa Innarmu ta hore mu, ba a barin mutum ya fita shi kaɗai. Sai in ɗauki jakarsa in raka shi har tashar jirgin ƙasa. Wani ya zaci lada nake nema. Wani ƙato mai gemu ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Mutum goma sha ɗaya na raka a wancan garin.

Zuwan daɗi ne. Dawowar ce ba a magana. Sai in shigo in tarar an yaye zanen gadonsa, katifa tsirara, in zauna kamar wanda aka yi wa sata. In ce gobe ni ma zan wuce, sai ga wani ya shigo da tsinkakken zif. Haka kwana uku ta zama sha tara. Ashe tsohon nan daga kujerarsa yana kallo, muna fita mu biyu ina dawowa ni ɗaya.

Da jirgi ya tashi ranar Asabar dariya nake ta yi, ban ankara ba sai ga hawaye har cikin burodin.

Yanzu kwanana huɗu a sabon gari, kuma na ɗaure fuska. Gaisuwa da ka kawai, don na gaji da dawowa daga tasha. To amma mutumin da ke gadon samana, wani dattijo mai tabarau, igiyar kafaɗar jakarsa ta hagu zare huɗu ne ya riƙe ta. Na ƙirga. Na ga yana nuna wa mai masauki taswira, Juma'a zai tafi hawan dutse. Ni na san inda igiyar za ta tsinke, a tsakiyar hanya ne. Kuma na san in na taɓa ta, sai shayi, sai sabo, sai rakiya.

Yayana ya ce in tattara in dawo, keken ɗinki na jirana, wa ya aike ni. Inna kuwa cewa ta yi muryata ta yi ƙiba. Anti, in ci gaba da ɗaure fuska har in kai teku, ko in koma gida tun da sauran dariyata?

Yaya ma cewa ya yi labarin rakiyar ƙirƙira na yi. To ba ni kaɗai na gani ba. Mai sayar da jarida na bakin kwana ya gani, har ya ɗaga hula. Matar da ke share dandalin tasha ta gani. Mai duba tikiti ma ya gani, shi ne ya taya tsohon sauke jakar.

Naki,
Mai Basilla

*

Wa alaikumus salam ƙanena Mai Basilla,

Na tsallake wasiƙu shida na tura maka amsa tun kafin a buga, saboda Juma'a ba za ta jira mu ba. Ajiye waya, ka je ka ɗinke wa dattijon nan jakarsa. In ka gama ka dawo ka karanta sauran.

To madalla. Kwana huɗu kana ɗaure fuska, amma ka ƙirga zaren jakar mutum. Ka ga ɗaurewar ba ta karɓe ka ba. Kewar da kake gudu tana nan, hirar ce kawai ka rasa. In ka kai teku a haka, ƙafa za ka tsoma ka juyo, ba wanda za ka ce wa ruwan da sanyi.

Sai dai Yayanka ma yana da tasa gaskiyar. Kwana uku da ta zama sha tara ba ƙaramin abu ba ne ga mai takardun da ke da wa'adi. Yau ɗin nan ka duba ranar da aka buga maka a takardun. Duk garin da ka sauka, ka yanki tikitin fita tun ranar farko, ko zif nawa ne suka tsinke a bayanka. Kuma ina zargin ba keken ɗinki ne kaɗai ke jiranka a shagon ba. Shekara shida kuna zaune gefe da gefe. Kira shi, kada ka ba shi labarin duwatsu, ka tambaye shi aiki da ciwon bayansa.

Rakiya kuwa kada ka daina, tarbiyya ce mai kyau. Dawowar za ka gyara. Daga tasha kada ka nufi ɗaki. Ka bi ta kasuwa, ka nemi layin masu ɗinki, ka zauna wurin ɗan'uwanka a sana'a ko da awa ɗaya ne. Kafin ka koma an shimfiɗa sabon zane. Wanda ya kwanta maka a rai, ka karɓi lambarsa, ku ɗauki hoto. Tsohon da ya raka ka tasha ma ka aika masa da naka daga bakin ruwa.

Ga ma'aunin komawa gida: in ka ga abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace, ka wayi gari sati guda ba abin da ya ba ka sha'awa, to ka juyo, ba abin kunya ba ne. Amma mutumin da ke neman ƙarin abincin da bai san sunansa ba, wanda uwarsa ta ji ƙiba a muryarsa, bai kai nan ba tukuna.

Ka raka dattijo ranar Juma'a, ka kama hanyarka ranar Asabar. Allah ya kai ka lafiya, ya maido ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ta rage.

Antinka