Ƙusar amalanken tana wurina

Nababa maigidana,

Na tafi ta'aziyya Minjibir, ban tashe ka ba.

Jiya a hanyar Ɗambatta mun ji jiki. Tunda ka ɗaura wa a-kori-kurar nan amalanke, bayanta tsalle yake kamar ɗan akuya ya ƙoshi. A kwalbatin bakin gari sai da ni da matarka Sakinatu muka tashi sama. Ta dafe ciki, ta cije leɓe, wai kada in gaya maka. To, na faɗa. Cikin wata bakwai ba wasa ba ne.

Na ji yau za ka ja wake Dawanau, ka sauke Sakinatu awon ciki a hanya, don mai ya yi tsada. Na sani, ɗan nan. Amma robar da ka naɗe sifirin ɗin ƙafar motar da ita ba gyara ba ce. Kama tunkiyata ka sayar, Madu bakanike ya ƙara maka sifirin a baya.

Kada ka sha wahalar neman ƙusar da ke riƙe amalanken, tana ƙulle a haɓar zanina. Ka yi haƙuri. In kuma ka ɗaure da igiya, Allah yana gani.

Kakarka,
Fadima