Ba Barci Ka Yi Ba, Almu

Zuwa ga ɗana Almustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Da hannuna nake rubuta wagga wasiƙa, da rubutun makarantar yamma da kake yi wa dariya, kana cewa baƙaƙena kamar an watsa haƙarƙari a faifai. Ƙanwarka Hajo za ta sa ta a waya don jama'a su karanta, kuma da gangan nake so su karanta.

Albishirinka, matarka Luba ta sauka lafiya. Namiji ne. Cikin da ka bari ƙarami ya zama mutum, da goshinka da manyan kunnuwanka. Da aka miƙo mini shi na yi ta dariya har mata suka fara kallon juna. Tun ranar da aka ɗauko ka daga hanya ban yi dariya ba sai ranar.

Ka san abin da aka ce bayanka? An ce barci ya sace ka a kan sitiyari. An ce kai ka kashe kanka, ka kashe Sahabi abokin aikinka da ke zaune gefenka, naman da kuka ɗauko daga mahauta ya watse a kwalta da rana tsaka. Malam Ladan mahaifinsa ya daina amsa sallamata a masallaci. A mahauta idan yaro ya yi gyangyaɗi sai a ce masa kada ya yi irin ta Almu. Na ji da kunnena, na haɗiye.

Ka tuna ranar da muka sayo akori-kurar nan a Sama Road? Fara, 'yar Kwatano, ka zagaye ta kana shafa ta kamar bijimin layya. Dillalin, wanda muka yi ƙuruciya tare a Gawon Nama, ya dafa kafaɗarka ya ce: “Ka riƙa cika mata giris a ƙafar gaba duk Juma'a, kuma ka bi rami sannu.” Muka yi masa godiya, muna cewa ga mai son mu. Ba ka taɓa tsallake Juma'a ba.

Kwanan baya irin motarka ta wani mai hatsi ta durƙusa a Arkilla, tana tafiyar da ko keke zai wuce ta. Ƙafar gaba ta fita ita kaɗai ta yi cikin kwata. Wurin dillalin nan shi ma ya saya. 'Ya'yan mutumin suka bincika lambar jikinta, suka bincika taka. Ashe tun can ƙasar da aka ƙera su an gano ƙarfen da ke riƙe ƙafar yana tsinkewa, kamfanin ya yi shela a mayar da su a sake shi kyauta. Waɗanda ba a mayar ba aka tattara da arha aka turo mana.

Na ishe dillalin a rumfarsa na tambaye shi ko ya sani. Bai musa ba. Ya ce: “Alhaji, mi kaka so in ce? Kowa haka yaka sayo su. Kwana ne ya ƙare.” Na san kwana ne ya ƙare, ban je neman darasin tauhidi ba. Amma da ɗansa ya nemi ɗaya daga cikinsu, hana shi ya yi, ya sayo masa wata daban.

Ranar jana'izarka liman ya nemi a yafi juna, na ce na yafe wa kowa. Mutumin nan yana sahun gaba yana sharar hawaye. Na yafe ne ban san abin da nake yafewa ba. Yanzu na sani, kuma na cire shi daga yafiyar. Na aika masa goron suna, mai kyau. Ina so ya zo. Idan an raɗa wa yaron sunanka an shafa fatiha, zan miƙe gaban mahauta da 'yan kasuwa in faɗi sunansa da abin da ya sayar mana. Ragowar motarka kuma na sa a jawo ta ƙofar gida, kowa ya ga inda ƙarfen ya tsinke kafin ya ci naman suna. Ina so duk mai irin ta ya ajiye ta, shi kuma ya zauna a rumfarsa har ƙura ta rufe motocin ba mai taya su.

Jiya da la'asar Malam Ladan, da labarin ƙarfen ya kai masa, ya yi sallama a gidana. Ya ce a kawo masa jaririn. Ya daɗe riƙe da shi, sannan ya tofa masa addu'a, ya ce: “Ubanka direba ne.” Ɗanka ba zai tashi yana sunkuyar da kai ba, Almuna.

Allah Ya jiƙan ka da Sahabi, Ya haskaka kabarinku, Ya raya mana wanga yaro. Shi kuwa wancan, ban roƙa masa mutuwa ba. Allah Ya ja kwanansa, Ya sa duk ƙarar taya da zai ji ta hana shi sukuni, har ranar da zai tsaya gabanku ku biyu.

Mahaifinka mai kewarka,
Kakan Almu ƙarami